Gadar da Tao Genfa Bai Gani Ba

Tao Genfa ya yi shekara talatin da uku yana aiki a jirgin fito a kogin Huangpu, cikin Shanghai. Aikinsa igiya. Idan jirgi ya matso gaɓa sai ya jefa ta, ya naɗe a turken ƙarfe, ya buɗe ƙofa mutane su kwarara da kekunansu. Minti shida ake yi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da aka giggina gadoji, aka haƙa hanyoyi ta ƙarƙashin ruwa, fasinja suka ragu, shi ma ya ajiye aiki. Tafin hannunsa har yau kamar fatar ganga.

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka, shi a hawa na huɗu, ni a na uku. Da yamma mukan buga dara a gindin bene. Ba mai yawan magana ba ne. Idan ya ci wasa sai ya yi tari, idan an cinye shi ma tarin ne.

Matarsa, Gu Lanying, 'yar Suzhou ce. Ta zo Shanghai tana da shekara goma sha tara, ta kama aiki a masaƙa, a jirgin fiton suka haɗu. Ta rasu a watan Afrilu. Aka ƙona gawar kamar yadda ake yi wa kowa a birnin, aka ajiye akwatin tokar a gidan jana'iza, ana jiran Dongzhi, ranar da ta fi kowace gajarta a shekara, don ranar ce ake kai toka ƙasa. Kabarin yana wani tudu a bayan garin Suzhou, kusa da na iyayenta.

Ba wanda ya ga hawayensa, ko a ranar ko bayanta. Ya ci gaba da saukowa dara. Sau ɗaya na tambaye shi yadda yake ji.

"Ka san idan ka daɗe zaune a kan ƙafa, Malam Du?" in ji shi. "To haka. Tana nan, amma ba taka ba ce."

A shekara arba'in da ɗaya na aurensu bai taɓa kiran sunanta ba. Mutanen zamaninsa da yawa haka suke. "Ke" yake cewa, ko ya yi gyaran murya. Gaban baƙi kuwa, "Maman Huiling." Ita kuma "Tsoho" take ce masa tun yana da baƙin gashi.

'Yarsu Huiling ce ta ba ni labarin abin da ya faru a asibiti, kwana uku kafin rasuwar. Lanying ta sa aka ɗaga mata kai, ta dubi mijin.

"Tsoho, idan za ku kai ni gida, ka kira ni a bakin kowace gada."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ni ko da raina ban san hanya ba, kullum bayanka nake bi. Idan ba a kira ba, a bakin ruwa zan tsaya."

"Na ce na ji."

"Kuma da sunana. Kada ka ce mini 'ke'. Ranar Dongzhi matattu cike suke da hanya, kowace tsohuwa 'ke' ce. Wata za ta biyo ka, ka kai matar wani kusa da babana."

Huiling ta ce har ma'aikaciyar jinya ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya gyara mata bargo.

Al'adar tsohuwa ce. Kurwar mamaci ba ta iya haye gada sai wanda yake ɗauke da tokar ya kira ta, ya gaya mata ana hayewa. Matasa kan yi don kada a ce ba su yi ba. Tao Genfa kuwa alkawari ya ɗauka.

Mijin Huiling, Luo Bin, ya so a tafi da mota. Amma ranar Dongzhi rabin Shanghai kan nufi maƙabartun Suzhou, titi ya tsaya cik, kuma dole a binne kafin sha biyun rana. Sai aka yanke a hau jirgin ƙasa mai sauri, wanda ke kai mutum cikin minti ashirin da biyar. Huiling ta roƙe ni in raka su.

"Kawu Du, da kai kaɗai yake magana."

"Ni ma tari yake yi mini."

"To mu ko tarin ba ma samu."

Tao bai taɓa hawa jirgi mai saurin ba. A da, idan za su je ganin dangi, tsohon koren jirgi suke bi, mai tsayawa a kowane gari. A wancan jirgin ba sai an gaya maka an hau gada ba. Ƙarar ƙafafun takan canja, ta yi zurfi kamar ana buga tulu, ka leƙa ka ga ruwa da ƙarafa suna wucewa. Abin da ya sani ke nan. Gada tana da baki, tana da ruwa a ƙasa, tana da ƙarshe.

Muka taru a tashar Hongqiao da bakwai saura. Sanyi ne mai shiga ƙashi, ga hazo ya rufe gari. Tao yana rungume da akwatin, an naɗe shi da jan ƙyalle. Ni nake riƙe masa baƙar laima a duk inda babu rufi, don kada hasken rana ya taɓa tokar, ko da yake ranar babu rana. Ba mu kaɗai ba ne. A layin shiga na ƙirga jan ƙulli huɗu.

Aka ba shi kujerar taga. Ya ɗora akwatin a cinya, ya dafa da hannu biyu, ya karkata kunne. Jirgi ya tashi ba tare da an ji ya tashi ba. A waje fari fat, sai ka ce an liƙa takarda a gilashi. Lokaci-lokaci kan wani dogon gini ya leƙo ya ɓace. Ina kallonsa. Leɓɓansa a ɗan buɗe, kamar mai jiran a ba shi izini. Huiling ta miƙa masa ruwan zafi, ya girgiza kai. Ƙarar jirgin ɗaya ce tun daga farko, wani siririn huci, ba ta hau ba, ba ta sauka ba.

Luo Bin mutum ne mai son kawo bayani. Yana ta latsa waya, can da aka fara sanar da Suzhou sai ya juyo da fara'a.

"Baba, ka san wani abu? Tun ɗazu a kan gada muke."

Tao ya dube shi.

"Ɗaya ce tal. Tun kafin garin Kunshan aka hau, ba a sauka sai an wuce Suzhou da nisa. Ta fi kilomita ɗari da sittin. Ga hotonta, duk a kan ginshiƙai take. Har tashar da za mu sauka ma a kanta aka gina."

"Tun yaushe?"

"Kai, an fi minti goma sha biyar."

Huiling ta taka masa ƙafa. Ya ce, "Me na yi?" Daga nan sai ya ga fuskar surukinsa, ya kashe wayar.

Muka sauka. Tao ya taka kamar taku goma a dandamali, ya tsaya. Mutane suna ratsa mu ta ko'ina.

"Mun baro ta," in ji shi. Yadda ya faɗa, kamar mai cewa an manta makulli a gida.

"Baba, ai ka ji, har yanzu a kan gadar muke," in ji Huiling. "Kira ta yanzu."

"A baki ake kira. Wanda aka bari a baki ba ya ji daga tsakiya."

"Haba Baba. Ga ta nan a hannunka."

"Wannan toka ce."

Luo Bin ya ce, "Baba, mutanen da suka kafa al'adar nan ba su san irin wannan gada ba. Wannan ai ba gada ba ce sosai, hanya ce aka ɗaga."

"Kai ka ce gada ce."

"Eh, na ce, amma..."

"Akwai ruwa a ƙarƙashinta?"

Luo Bin ya ce, "Akwai tafki. Da koguna."

Huiling ta rage murya ta ce mini, "Bari mu fita. Inna Feng za ta yi masa magana."

Inna Feng yayar marigayiyar ce, shekararta saba'in da takwas, ba ta kai kafaɗata ba. Tana jiranmu a ƙofar fita da jaka biyu, ɗaya cike da takardun azurfa da ta ninke don ƙona wa mamaciya, ɗaya da soyayyen kifi da lemo da awara.

"Ga mai igiya," in ji ta. "Ka rame. Ba mai dafa maka, ko? Shekara arba'in ana yi maka bauta, ga ranarta."

"Yaya."

"Me ya sa kuka tsaya kamar an ƙwace muku kaya?"

Huiling ta kwashe labarin ta gaya mata, da muryar wadda ke neman mai goyon baya. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta ajiye jakunkunan a ƙasa.

"Ko sau ɗaya bai kira ba?"

"Inna, ba a gane an hau ba. Hazo ne, kuma jirgin..."

"Lanying fa? Yarinyar da ta ɓata tsakanin gidanmu da shagon mai man gyaɗa, tana da shekara goma sha biyu? Ita kuka bari a daji?" Ta juya ga Tao. "Me kake jira? Koma ka ɗauko mini ƙanwata."

"Inna, ƙarfe sha ɗaya aka ba mu da mai rufe kabari!"

"Yanzu ƙarfe nawa? Takwas saura. Ba kun ce jirgin naku tashi yake ba? To ya tashi." Ta nuna Luo Bin da haɓa. "Wannan masanin gadoji ya zauna ya riƙe mini kifi."

Kujeru sun ƙare, sai tikitin tsaye muka samu, mu uku, zuwa da dawowa. Muka tsaya a lungun da ke tsakanin tarago biyu, kusa da ƙofa. A hanyar komawa Huiling ta buɗe taswira a waya, ta yi ta jan ta da yatsa har ta gano inda gadar ta fara. Fuskarta a ɗaure. Ina jin tun Afrilu take jiran wannan rana ta zo ta wuce.

A Hongqiao muka fita muka sake shiga. Matar da ke duba kaya a ƙofa ita ce ta safe. Ta dubi jan ƙyallen, ta dubi Tao, ta ɗan matsa ta ba shi hanya.

Tara saura muka sake tashi. Tao ya jingina da bango, ya ware ƙafa yadda ake tsayuwa a jirgin ruwa. Huiling na bin shuɗin ɗigon da ke tafiya a wayarta.

"Saura kaɗan. Saura kaɗan. Yanzu, Baba."

Ya buɗe baki, sai tari ya fito.

"Ke," in ji shi.

"Baba."

Ya dubi ƙullin da ke ƙirjinsa.

"Lanying."

Ba da ƙarfi ba. Ya tsaya kamar yana jiran a amsa, ko a yi masa dariya.

"Gu Lanying, muna hawa gada. Biyo ni."

Sai ya juya ga 'yarsa. "Ina ƙarshenta?"

"Ba za mu ga ƙarshenta ba. A kanta za mu sauka."

Ya yi ɗan tunani. "To ba a dainawa ke nan."

Haka ya yi ta yi har Suzhou. Lanying, muna kan gada. Lanying, biyo ni. Lanying, har yanzu gada ce. Muryar babu rawa a cikinta. Ita ce muryar da ya yi shekara talatin da uku yana cewa fasinja su matsa ciki, su kula da rata. Na duba agogo, minti goma sha bakwai ya yi. Wani mai kwat da ke waya kusa da mu ya ɗauki jakarsa ya koma ɗaya lungun. Mai tura keken abinci ta zo, ta tsaya, ta wuce a karkace ba ta yi tallanta ba. Wata mata riƙe da fararen furanni ta kalle mu na ɗan lokaci, sannan ta mai da ido ga taga. Hazon ya fara yayewa. A ƙasa can na ga ruwa shimfiɗe, da turakun masu kiwon ƙaguwa a jere.

Huiling ba ta ɗago daga wayar ba, ko da yake babu sauran abin dubawa.

Inna Feng tana inda muka bar ta, Luo Bin na gefe da jakar kifi.

"Ka zo da ita?"

"Na kira."

"Da suna?"

"Da suna," in ji Huiling.

"Tabɗi. Ashe ya san shi."

Direban tasin da ya kai mu maƙabarta ɗan gari ne. Da ya ga jan ƙyalle da laima sai ya kashe rediyo. Ba wanda ya roƙe shi, amma duk inda za mu hau gada sai ya rage gudu ya ce, "Ga wata, Kawu." Tao ya kira. Suzhou gari ne na ruwa, ban iya riƙe adadin ba. Wata ma ba ta fi tsawon motar ba.

Saboda cunkoson titi, sai sha ɗaya da minti ashirin muka isa. Mai rufe kabarin yana zaune a kan bokitin siminti yana shan taba, bai ce mun makara ba. Aka ƙona takarda a cikin ramin don ya yi ɗumi. Tao ya durƙusa ya sa akwatin, ya gyara shi ya daidaita da gefe, kamar mai ajiye kaya a kantar shago. Aka rufe. A jikin dutsen an sassaƙa sunaye biyu, nata da baƙi, nasa da jan fenti tunda yana raye. Inna Feng ta jera kifi da lemo, ta ƙona azurfarta, ta yi kuka mai sauti na minti biyu, ta fyace hanci.

"Kai kuma," ta ce wa Tao, tana nuna jan sunan, "kada ka yi gaggawa. Bari ta ɗan huta da kai."

"To, Yaya."

Muka sauko daga tudun ba wanda ya waiwaya. Haka ake yi.

Tikitin komawa na biyar na yamma ne, don haka muka shiga tsohon gari. Muka ci taliya a wani shago da Inna Feng ta ce ya lalace tun da tsohon mai shi ya mutu, amma ta shanye romon tas. Muka bi titin dutse da ke gefen ruwa, tsakanin fararen bangaye da baƙin rufi. 'Yan mata sanye da kayan gargajiya suna ɗaukar hoto a kan gadoji. Gidan da aka haifi Lanying yanzu shagon mafitai ne na siliki. Inna Feng ta nuna inda rijiya take a da, mai shagon ya yi murmushi ya tambaya ko za mu saya. Luo Bin ya jera mu ya ɗauki hoto, ya ce a yi fara'a, sannan ya ce a'a, a bari haka.

Tao ya fi daɗewa a bakin ruwa, inda aka ɗaure wani kwalekwalen 'yan yawon buɗe ido. Na je na tsaya kusa da shi.

"Ɗaurin nan ba daidai ba ne," in ji shi. "Ruwa ya ɗan ƙaru, zai shaƙe."

Na ce, "Yaya ƙafar?"

Ya gane abin da nake nufi. "Tana nan yadda take."

"Ko da kake kiran?"

"Bakina dai ya bushe." Ya sake duban ɗaurin. "Sunan gajere ne, Malam Du. Na zaci ya fi haka tsawo."

Inna Feng ta raka mu har tasha, ta cusa wa Huiling sauran lemon, ta ce wa Luo Bin idan ya gano wata gadar ya riƙe a cikinsa. Wannan karon mun samu kujeru. Tao ya zauna a taga, laimar a naɗe tsakanin gwiwoyinsa, hannuwansa a cinya babu abin riƙewa. Gari ya fara duhu. A ƙasa fitilun masana'antu suna wucewa, da ruwa, da wasu fitilun.

Huiling ta ɓare lemo ta miƙa masa rabi. Ta ɗan saki fuska, karon farko a ranar.

"Baba, ka tuna lokacin da Mama ta..."

Ya kama wuyan hannunta. Ba da ƙarfi ba, amma bai saki ba.

"Bari mu sauka daga gadar tukuna," in ji shi. "Kada ta ji ta biyo mu."

Huiling ta dube shi. Da ɗayan hannun ta ciro wayar, ta buɗe taswira, ta ɗora a gwiwa. Luo Bin ya buɗe baki ya rufe. Muka zauna haka, mu huɗu, shuɗin ɗigon yana tafiya. Tao ya datse leɓɓansa, ko tarin bai yi ba.

Bayan an wuce Kunshan da ɗan nisa ta ce, "Mun sauka."

Ya saki hannunta. Ya ɗauki lemon ya sa a baki.

"Me za ki ce ɗazu?"

Ta yi tunani. "Na manta," in ji ta.